Kwana huɗu a garin kan dutse da yara da dattijuwa: yaya za a tsara?

Tambaya: Na samu hutun kwana huɗu a wurin aiki, ina so in kai iyalina ɗaya daga cikin garuruwan kan dutse da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa. Mu shida ne: ni, maiɗakina, yara uku (mai shekara 11, mai 6, da auta mai wata 14), sai mahaifiyata. Ban gama tsayar da garin ba, amma a wanda na fi karkata na riga na rubuta wurare tara da nake son mu gani. Da motarmu za mu je. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Wurare taran nan dai ba za su shiga kwana huɗu ba. Ranar farko hanya za ta cinye ta, ta ƙarshe kuma haɗa kaya ne da komowa. Abin da ya rage maka kwana biyu ne cikakku, da ɗan guntun yamma da guntun safiya. Kuma ba ƙafarka ce za ta yanke saurin tafiyar ba, ƙafar Hajiya ce da barcin auta. Da su biyun nan zan auna duk abin da zan faɗa maka.

Tun kafin ka buɗe hotunan otal, nemo tsayin garin daga doron teku, da mita. Garuruwan da ake cewa na kan dutse ba ɗaya suke ba. Chamonix a Faransa tana kan mita 1,035. Ifrane a Maroko mita 1,665. Ɗa'if a Saudiyya ta kusa 1,900, Shimla a Indiya wajen 2,200. Cusco a Peru kuwa 3,400 ce, Leh a arewacin Indiya 3,500. A tallar kamfanonin tafiya duk kamarsu ɗaya, tsauni da gajimare da gidaje masu jan rufi, amma a jikin mutum biyun ƙarshen nan wata duniya ce daban.

Dalili shi ne iska. Kason oksijin a cikinta bai canja ba, kashi 21 cikin ɗari ne a bakin teku da kan tsauni. Nauyin iskar ne yake raguwa, saboda haka kowane numfashi yana shigo da kaɗan. A mita 2,500 mutum yana shaƙar kusan kashi uku cikin huɗu na abin da zai samu a bakin teku, kuma daga wajen nan ne ciwon tsayi ya saba farawa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin cin abinci, barci rabi da rabi. Ba ya zuwa nan take. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, shi ya sa mutane kan sauka cikin nishaɗi su ci abinci su yi hoto, sai tsakar dare kai ya fara sara. Jiki yana sabawa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ga mai hutun mako biyu wannan ba komai ba ne. Gare ka kuwa shi ne hutun gaba ɗayansa. Don haka shawarata a tsaye take: da jariri da dattijuwa da kwana huɗu, ka zaɓi garin da za ku kwana ƙasa da mita 2,000, in an matsa ƙwarai kada ya wuce 2,500.

Ka lura na ce inda za ku kwana. Hawa sama da rana a dawo ƙasa a yi barci ya fi sauƙi a jiki nesa ba kusa ba, domin a cikin barci numfashi ke raguwa. Masu zuwa Cusco da yawa abin da suke yi ke nan: suna sauka daga jirgi su gangara kwarin Urubamba, wajen mita 2,800 zuwa 2,900, su fara kwana a can. Masu hawa da ƙafa kuma suna da ƙa'idar cewa in an wuce mita 3,000 ba a ƙara wa wurin kwana fiye da mita 500 a dare ɗaya. Ba ka buƙatar wannan ƙa'idar in ka bi shawarar farko, na kawo ta ne don ka ga yadda waɗanda suka san dutse ke lissafi da makwanci.

Akwai abu ɗaya da masu sayar da tikiti ba sa tambaya, ni kuwa ba na tsallake shi: sikila. In akwai mai ita a cikinku, ƙarancin oksijin da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duk suna iya tayar da ciwon, kuma dutse ya haɗa ukun. Hatta wanda yake ɗauke da ƙwayar kawai, mai AS, wanda a ƙasa bai san yana da komai ba, an sha samun saifarsa ta toshe a wuri mai tsayi sosai, musamman in ya wahalar da jiki. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen ciki na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan asibiti ne kai tsaye. Haka nan in Hajiya tana da ciwon zuciya, na huhu, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko maiɗakinka tana da juna biyu, a ga likita mako biyu kafin tafiya, a faɗa masa lambar tsayin garin. "Za mu je dutse" ba ta isa ya yanke hukunci ba, "za mu kwana uku a mita 1,800" ta isa. Magungunan da Hajiya ke sha kullum su zauna a jakar hannu, da ƙarin na kwana biyu ko uku, saboda hanyar dutse takan rufe in ƙasa ta zabtare ko dusar ƙanƙara ta sauka.

Auta ba zai ce maka kansa na ciwo ba. Abin da za ka gani rigima ce marar dalili, ƙin nono ko abinci, amai, da rashin wasa. In haka ta faru bayan kun hau, kada a ƙara hawa. In kuma wani, babba ko yaro, ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ba a jiran gari ya waye. A sauka da shi a nemi likita. Saukar mita 300 zuwa 1,000 takan kawo sauƙi a bayyane.

Sai sanyi, wanda shi ne ya fi ba iyalai mamaki. Bisa matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da digiri 6.5. A Chamonix akwai motar igiya, irin ɗan ɗakin nan da ke rataye a waya yana hawa da mutane, wadda ke ɗaukar mutum daga gari zuwa ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi a mita 3,842 cikin kamar minti ashirin. Hawan mita 2,800 ke nan, bambancin wajen digiri 18. Wanda ya baro ƙasa da 'yar shara-shara yana gumi zai isa sama haƙoransa na haɗuwa. Irin wannan hawan ba na auta ba ne, kuma ba na Hajiya ba ne sai likita ya yarda. Wurare da dama ma suna da mafi ƙarancin shekarun yaron da suke bari ya hau, ka duba kafin ka saya. Kada kuma sunan ƙasa ya ruɗe ka. Ifrane a Afirka take, amma a can aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifiri a watan Fabrairun 1935.

Maganin wannan ba babbar riga ɗaya mai nauyi ba ce. Riga kan riga ake yi: ta ciki marar kauri, suwaita a kai, sannan ta waje mai tare iska da ruwa. Da rana a cire, da la'asar a mayar. Rana tana faɗawa bayan tsauni tun kafin lokacin faɗuwarta na gaskiya, kuma da ta ɓuya sanyi ke saukowa ba sallama. Ga auta, hula da safa sun fi komai, sannan ka tuna yaron da ke goye ko cikin keke ba ya motsi, kai kana tafiya kana jin ɗumi shi yana daskarewa. A riƙa taɓa ƙeyarsa da hannuwansa. Takalmi mai ƙasan roba mai kama ƙasa ga kowa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a hanyar gangare ƙuna ce.

Sanyin yana ɓoye wani abu: ranar dutse ta fi ta ƙasa cizo. Hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000, in akwai dusar ƙanƙara kuma tana dawo da shi ido daga ƙasa. Baƙar fata ba ta hana ido ciwo ko leɓe tsagewa ba. A tafi da tabarau, man leɓe, da man kare fata. Iskar a bushe take, ƙishi kuma ba ya damun mutum a cikin sanyi, don haka sai an tuna wa yara shan ruwa. In za ku dafa ruwan sha saboda ba ku yarda da na famfo ba, ku sani a mita 2,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93, sama da haka ana so a bar shi yana tafasa minti uku. Girki ma yakan ɗauki lokaci fiye da yadda uwargida ta saba, kada ta zargi murhun.

Game da dare: duk abin da ke cin wuta, hitar gas, ta kananzir, ko kaskon gawayi, ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri, daidai da na ciwon tsayi. In kowa a ɗakin ya tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, ku fita waje tukuna, a yi bincike daga baya.

Yanzu hanya. Hangen Dala ba shiga birni ba, kuma a dutse wannan magana gaskiya ce har a taswira. Kilomita ba ta gaya maka komai. Layin dogo daga Kalka zuwa Shimla, wanda aka buɗe a 1903, kilomita 96 ne kacal, amma jirgin yana shafe wajen awa biyar yana ratsa ramukan da aka fasa cikin dutse fiye da ɗari. Mota ta fi shi sauri, amma darasin ɗaya ne. Duk lokacin da taswirar waya ta ba ka, ƙara masa rabinsa, saboda kwana-kwana, babbar motar da ba za ka iya wucewa ba, da tsayawar amai. Yara tsakanin shekara 2 zuwa 12 ne jirin mota ya fi kamawa, wato manyan biyunka. A ba su abinci marar maiƙo kaɗan kafin a tashi, a karɓe waya da littafi, su riƙa kallon gaba ta gilashi, a ɗan sauke taga. Leda da tsumma da kayan canji su kasance kusa da hannu, ba a ƙasan but ba. In kana son maganin jiri, tambayi mai kemis da shekarun kowane yaro, kuma kada a ba auta. Toshewar kunne kuma haɗiya ce maganinta: cingam ga manya, nono ko ruwa ga ƙarami.

A kai motar wurin makaniki a duba birki, man birki, ruwan lagireto da tayoyi. A hawa za ka ji ta yi sanyin jiki, musamman in injin ba mai tabo (turbo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) ba ne, domin yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ba lalacewa ta yi ba. Haɗarin yana wajen saukowa. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. A sa ƙaramar giya, ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar, birki kuma a taka da ƙarfi a saki. Motar otomatik ma tana da L ko 2 ko wurin rage giya da hannu, ka koyi inda yake tun a gida. In ka ji ƙauri, ka tsaya a wuri mai fili ya huce. Ka cika tanki kafin a fara hawa, ka sauke taswirar yankin a waya saboda sabis yakan ɗauke tsakanin duwatsu, kuma ka tsara isa da sauran rana. Tuƙin dare cikin hazo a hanyar da ba ka sani ba, da iyali a baya, ba na ba kowa shawararsa.

Masauki shi ne wurin da na fi ganin mutane suna sayen wahala da kuɗinsu. Hoton da ya fi kyau kullum na gidan da ke can saman gari ne, baranda tana kallon kwari. Abin da hoton bai nuna ba shi ne matakalu saba'in daga inda ake ajiye mota, ko rabin awa na kwana-kwana duk lokacin da ake son burodi ko maganin zazzaɓi. Ga ma'aurata su biyu, madalla. Gare ku, ka nemi wuri a cikin gari ko bakinsa, inda za a iya takawa zuwa wurin cin abinci da kemis a kan hanya mai ɗan shimfiɗa. Ribar ita ce iyali za su iya rabuwa: Hajiya da auta su huta, kai ka fita da manyan, ba wanda ya zama fursunan mota ɗaya. Kallon kwarin kuwa kyauta ne, ku hau ku gani da safe.

Ka kira su a waya, kada ka tsaya a abin da aka rubuta. Matakala nawa ne daga mota zuwa ɗaki? Akwai lif, ko ɗaki a ƙasa saboda Hajiya? Da me ake ɗumama ɗakin, kuma yana aiki dukan dare? Ruwan zafi kullum ne ko na wasu awoyi? Baranda tana da shingen da yaro ba zai zura jiki ba? Asibiti mafi kusa minti nawa ne? Wurin ajiye mota nasu ne ko sai an biya dabam? Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar tambaya ba ce, domin fili yana da tsada a garin da ke manne a jikin dutse, wasu garuruwan ma ba a shiga da mota sam. A Zermatt ta Suwizalan, a Täsch ake barin mota, kilomita biyar kafin gari, a ƙarasa da jirgin ƙasa. Mutum shida da akwatuna shida a irin wannan wuri sai an yi tunani. Mu masu shirya tafiya mun fi son gida mai ɗaki biyu da ɗan kicin ga iyali irin naka a kan ɗakunan otal biyu, ko don ɗumama abincin yaro da shanya rigunan da ruwa ya jiƙa. Kuma ka kama wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Mai jariri ba ya rantsuwa da ranar tafiya.

Lokacin zuwa ma a duba. Ƙarshen mako da hutun makarantu su ne cunkoso, kuma yawancin garuruwan nan babban titi ɗaya gare su. In hutunka zai iya faɗawa Litinin zuwa Alhamis, ka samu rangwame da sarari. Amma tsakanin lokutan cikar baƙi biyu, na sanyi da na zafi, akwai tarko: a tsaunukan Alps, alal misali, motocin igiya da yawa kan tsaya don gyara wajen Mayu da kuma wajen Nuwamba, wasu otal da gidajen abinci ma su rufe. Araha ce, amma ƙila abin da ka je dominsa a kulle yake. Inda ake damina mai ƙarfi kuma, lokacin ne ƙasa ke zabtarewa.

To, yadda zan raba kwanakin. Ranar isowa babu komai sai abinci, ɗan zagaye a gari, da barci da wuri. Kwana biyun tsakiya, babban abu ɗaya a kowace rana, kuma da safe. Sararin dutse ya fi washewa da sassafe. Rana na dumama gangaren, iska mai ɗumi ta hau, gajimare ya taru, zuwa azahar ko la'asar ƙololuwar ta ɓace, a lokacin zafi har da tsawa. Wanda ya tsaya karin kumallo mai tsawo ya hau da ƙarfe ɗaya, sau da yawa farin hazo ya biya kuɗi ya kalla. Saboda haka kada ka sayi tikitin hawa na takamaimiyar rana tun mako uku kafin tafiya in ba dole ba. Ka bar ranakun biyu a sake, ka duba hasashen yanayi da daddare, wadda ta fi haske a ba ta hawa, ɗayar a ba ta tafki, gidan tarihi ko kasuwar gari. In an ji tsawa kuna fili ko kan tudu, a koma cikin gini ko mota, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

In za ku yi tafiyar ƙafa, akwai tsohon lissafin da wani mahayin dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Na ƙaƙƙarfan babba ne wanda ba ya tsayawa. Da yaro mai shekara shida, ninka shi. Hanya mai kilomita uku da hawan mita 150 ta ishe ku, kuma ka zaɓi wadda ke da abu a ƙarshenta, ruwa mai zubowa ko gada, domin yaro ba ya tafiya don kallon nesa. Keken jariri ba ya aiki a kan tsakuwa, goyo ya fi. Gangarowa ta fi hawa cin gwiwa, don haka in Hajiya ta ce za ta je, a samo mata sanda, a kuma auna da dawowar. Mai shekara 11 shi ne zai riƙa yin gaba, a kafa masa doka tun a mota: ba ya wuce inda za a gan shi, ba ya tsallake shinge don hoto, ba ya taka jiƙaƙƙen dutse a bakin ruwa.

A garuruwa irin su Shimla da hanyar Ɗa'if da dazukan kusa da Ifrane akwai birai da suka saba da mutane. Ba abin wasa ba ne. Kada yaro ya riƙe abinci a gabansu. In an yi cizo ko yakushi, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a nufi asibiti saboda allurar ciwon haukan kare.

Wurare taran kuwa, ka zauna da maiɗakinka ka rubuta wa kowanne abu uku: minti nawa ne daga masauki, tsayinsa nawa, matakala ko hawa nawa ne daga inda mota ke tsayawa. Duk wanda ya wuce awa ɗaya a mota, cire shi. Duk biyun da abu ɗaya ake gani a cikinsu, bar mafi kusa. A cikin sauran, manyan yaran su zaɓi ɗaya, Hajiya ta zaɓi ɗaya, na uku ya zama na cikin gini, a ajiye shi saboda ranar ruwa. Ranar komowa kuma ku kama hanya da hantsi, bayan hazon asuba ya ɗaga, kafin ayarin masu barin otal da tsakar rana ya cika gangaren.